Ramin Gaiwa a Ƙasar Lautai

Da a ce wani ya gaya mini cewa wata rana zan bar Kano a tsakiyar bazara, sa'ad da rana ke narka kwalta, in nufi ƙasar Gumel wadda ba a san ta da kogi ba, ba kuwa don fatauci ko ta'aziyya ko ɗaurin aure ba, sai don neman kifi a cikin busasshiyar ƙasa, da na ba shi shawara ya je a yi masa rubutu ya sha. Amma abin da aka hukunta wa bawa ba ya wuce shi. Sababin tafiyar kuwa wani aminina ne, wanda muka yi ɗalibta tare, ya kuma ƙare aikinsa yana koyar da ilimin halittu a Gumel. Na taɓa yi masa hirar wani littafi da na karanta a kan kifayen dauri masu ƙashin hannu a cikin fiffikensu, waɗanda masana ke cewa daga zuriyarsu dabbobin tudu suka fito, na kuma nuna takaicina cewa duk inda aka ambaci irin waɗannan abubuwa sai ka ji Kanada ko Girinlan, kamar dai mu ba a bar mana ko tsinke ba a rabon gadon. Sai ya yi dariya, ya ce in zo kafin ruwan farko ya sauka, zai nuna mini 'yar'uwarsu tana barci a ƙarƙashin ƙasarmu.

Ranar Laraba da hantsi na shiga mota, muka bi ta Gezawa, muka ratsa Gujungu, tun daga nan kuwa ƙasa ta soma yin fari, rairayi ya yawaita, gonakin gero da riɗi suka shimfiɗu fayau ba komai a cikinsu sai guntayen kara, mafi yawan itatuwa sun kaɗe in ban da gawo, wanda shi da ma al'adarsa saɓa wa 'yan'uwansa, ya yi ganye da rani ya zubar da damina. Waɗannan tuddan rairayi su ake kira jigawa, su ne kuma suka ba jihar sunanta da aka cire ta daga Kano a 1991. Bayan azahar muka shiga Gumel, birnin Lautai, wanda Mangawa suka kafa sarautarsa a ƙarƙashin Ɗan Juma wajen 1750, ya bi Barno, bai kuma taɓa shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba. Nan ne matafiyin nan Heinrich Barth, wanda ya yi wa kansa laƙabi da Abdulkarim, ya yada zango a 1851, ya tarar da kasuwar kanwa tana ci. Ƙananan hukumomi huɗu ne a masarautar, Gumel da Maigatari da Sule Tankarkar da Gagarawa, aminina kuwa ya riga ya yanke cewa kowace za mu ba ta yini guda, wai darasinsa babi huɗu ne, ba a kuwa fara karatu daga ƙarshen littafi.

Babin farko a akushi aka kawo shi. Bayan magariba aka ajiye mana tuwon gero da miyar kuka, da ƙafar rago ta gaba wadda ya sa mahauci ya yanko masa sukutum tun daga kafaɗa har kofato, aka dafa ba a sassara ba, da muka cinye ya hana yara kwashe ƙasusuwan, ya jera su a kan tabarma bisa tartibinsu, ya ce, "Malam, ƙirga mini." Na ƙirga: ƙashi ɗaya kakkaura daga kafaɗa, bayansa biyu, ɗaya mai ƙarfi ɗaya siriri da ya manne masa, sa'an nan 'yan ƙanana a cure kamar tsakuwa, sa'an nan dogon sangali da yatsu biyu masu kofato. Ya kama hannuna ya bi shi da yatsa, damtse ɗaya, ƙashi biyu daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu, 'yan ƙanana takwas a wuyan hannun, sa'an nan yatsu. Ya ce haka abin yake ga jaki da jemage da ƙadangare da kwaɗo da kaza, illa dai wani an tsawaita masa, wani an haɗe masa biyu sun zama ɗaya, wani an rage masa yatsu, kamar yadda maɗinki ke fitar da riga da wando da hula daga bandir guda.

Daga nan ya buɗe wani tsohon littafi, ya nuna mini zanen wani kifi da ake kira Eusthenopteron, wanda aka fara bayyana shi a 1881 daga duwatsun Miguasha a gabashin Kanada, ya kuma rayu kimanin shekara miliyan 380 da suka shige. Fiffiken ƙarfasa, in ka lura, ƙayoyi ne sirara da suka bazu kusan daga jikinta kamar mafici. Amma na wannan kifi dungu ne na tsoka, a cikinsa ƙashi ɗaya da ya shiga kafaɗa, biyu a bayansa, sa'an nan ƙanana, ƙayoyin kuwa sai can a baki. Na baya ma haka, ƙashin cinya ɗaya da na ƙwauri biyu. Wani masani ɗan ƙasar Siwidin, Erik Jarvik, ya shafe fiye da shekara ashirin yana goge kan kifi guda ɗaya kaɗan-kaɗan, yana zana abin da ya bayyana a kowace guga, har ya san lungunansa kamar yadda gardi ya san allonsa. Duk da haka, in ji aminina, babu alamar kifin nan ya taɓa taka tudu. Siffar mai iyo ce gare shi tsantsa. Na kwanta a daren nan mas'alar tana yi mini yawo a ka: ina fa'idar damtse ga wanda ba ya tafiya?

Washegari Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, muka yi sammako muka nufi arewa zuwa bakin iyakar Nijar. Wanda bai ga kasuwar nan da idonsa ba, da wuya ya gaskata yawan dabbar da ke taruwa wuri guda, raƙuma da shanu da tumaki da awaki da dawaki, daga Damagaram da Tanut har Agadas, ga Bahaushe ga Bafillace ga Babarbare ga Ba'abzine, kowa da Hausa yake ciniki, naira da sefa suna ta sauya hannu, buhunan riɗi da zoɓo tsibi-tsibi. Aminina ya tsayar da ni gaban wani raƙumi da ake gurfanar da shi, ya ce abin da muke kira gwiwarsa ta gaba, wadda yake durƙusawa a kanta, wuyan hannu ne a haƙiƙa, gwiwar hannun kuwa tana can sama jikin ƙirji. Mai raƙumin, wani dattijo mai baƙin rawani, da ya ji muna zancen ƙashi, sai ya ce, "Alhaji, in ƙashi kuke nema, ku zo ƙasarmu. Gabas da Agadas akwai inda ƙasusuwa suka zama dutse, suna kwance a sarari, gaɓar baya guda ta kai akushi."

Wurin da yake nufi shi ne Gadufawa, a gefen hamadar Tenere, inda Bafaranshe Philippe Taquet ya fara haƙa a 1965, Ba'amurke Paul Sereno ya bi sawunsa daga 1997, aka fito da manyan dabbobin da wasunsu ke gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai. Abin da ya fi shafar tafiyarmu kuwa shi ne, a cikin waɗannan duwatsu masu shekara miliyan 110 ko fiye, an sami wani kifi mai dungun fiffike, wanda aka raɗa wa suna Mawsonia tegamensis a 1975, daga dangin da ake kira silakant. Dangin nan an daɗe ana ɗauka ya ƙare tare da manyan dabbobin can, sai ga shi a watan Disamba na 1938 masunta sun kamo ɗaya sabo fil a gaɓar East London ta Afirka ta Kudu, wata ma'aikaciyar gidan tarihi, Marjorie Courtenay-Latimer, ta tsamo shi daga tsibin kifi, ta gane ba na banza ba ne. A kusa da Arlit kuma aka tono Nigerpeton da Saharastega, waɗanda aka bayyana a 2005, dabbobi masu faffaɗan kai da ke zaman ruwa da tudu, shekarunsu sun haura miliyan 250. Na ce a raina, ashe ba a hana mu gado ba, mu ne ba mu je wurin rabo ba.

Ranar Juma'a muka yi yamma zuwa Sule Tankarkar, bayan an sauko daga masallaci muka shiga zauren wani malami dattijo, wanda aminina ya yi Ishmawi da Iziyya a gabansa tun yana yaro. Ba zan ɓoye ba, na ji nauyin faɗin abin da ya kawo ni, gudun kada a ɗauka na zo da zancen da zai taɓa aƙida, amma da na gama bayani ya yi shiru jim kaɗan, sa'an nan ya ce, "Ɗana, abin da nassi ya yanke game da Annabi Adamu, alaihis salamu, mun karɓa, ba ƙari ba ragi. Amma duban ƙashin dabba ai ba saɓo ba ne. Suratul Ankabut ta hore mu da yawo a bayan ƙasa don nazarin mafarin halitta, Suratun Nur kuma ta danganta dabbobi ga ruwa kafin ta rarrabe su bisa tafiyarsu. Wanda ya duba ya ƙaru da tsoron Allah ya yi ibada. Wanda ya duba ya ƙaru da girman kai, ko bai duba ba da ma yana da ciwonsa." Na sami ƙarfin gwiwa na ce, "Allah gafarta Malam, ko Albiruni ma, shekara dubu da suka wuce, ya kafa hujja da kwanson halittun ruwa da ake samu in an haƙa rijiya a jejin Larabawa, cewa wurin a da teku ne."

Ambaton rijiya ya zaburar da wani tsoho da ke zaune bakin ƙofa, wanda ya ce shekararsa arba'in yana haƙar rijiya a ƙasar nan, ya ratsa farin rairayi da ja da yumɓu gaba bayan gaba, bai taɓa cin karo da ƙashin dutse ba. Aminina ya ce gaskiya Baba ya faɗa, domin ƙasar Gumel shimfiɗa ce ta kwarin Tafkin Chadi, laka da rairayin da ruwa da iska suka zuba a 'yan miliyoyin shekarun baya-bayan nan, wato jaririya ce in an gwada ta da zamanin da muke bahasi a kai. Abin da irin wannan ƙasa ke ɓoyewa shi ne kamar kwalekwalen Dufuna na jihar Yobe, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙar rijiya a 1987, aka ƙiyasta masa shekara kimanin 8,000. Mai neman kifin da ya kusa zama mai ƙafa sai ya cika sharaɗi uku: dutsen ya zama na zamanin da ake nema, ya zama asalinsa lakar gulbi ce, ya kuma zama a fili, ba kurmi ko gini ya rufe shi ba. Da waɗannan sharuɗɗa Neil Shubin da Ted Daeschler da Farish Jenkins suka duba taswira, suka zaɓi ƙuryar arewacin Kanada, suka yi ta komawa shekara bayan shekara, har a 2004 suka yi dace da Tiktaalik a tsibirin Ellesmere, kifi mai shekara miliyan 375. Dattawan Inuit na yankin ne suka ba da sunan, ma'anarsa babban kifin ruwan daɗi. Ɓawo gare shi da fiffike kamar kowane kifi, amma kansa shimfiɗaɗɗe ne kamar na kada, idanu a bisa, haƙarƙari masu faɗi, fiffiken yana lanƙwasuwa a gwiwa da wuyan hannu har ya iya dogarawa ya ɗago ƙirji. Abin da ya fi duka kuwa, ƙasusuwan da ke ɗaure kan kifi da kafaɗarsa babu su, wato ya sami wuya. Malam ya yi murmushi ya ce lalle ni'imar waiwaye ba ƙarama ba ce, ga ta muna sallame salla da ita kullum ba mu gode ba.

Babin ƙarshe ranar Asabar ne, a ƙasar Gagarawa, inda tsohon layin dogo na Kano zuwa Nguru ya ratsa. Muka wuce gari muka gangara wata fadama da ta ƙafe tun bayan kaka, ƙasarta ta tsattsage kamar diddigen mai faso, muka iske mutumin da aminina ya yi alkawari da shi, masunci da damina, mai bugun tubali da rani, yana jiranmu da dagi a kafaɗa. Ya yi ta tafiya sannu-sannu kai a sunkuye kamar mai neman allura, har ya tsaya a kan wata 'yar kafa da ba ta wuce shigar yatsa ba. Ya haƙa kewayenta wajen kamu guda, ya ɗago curin laka, ya fasa shi a hankali, sai ga wani abu naɗe cikin busasshiyar fata mai kama da takardar siminti. Ya ce, "Ga gaiwarku, Alhaji."

Tana nannaɗe, wutsiya ta rufe fuska, ko motsi babu. Al'adarta, in ruwa ya soma ja, sai ta nutsa cikin laka tana tauna ta da baki tana fitarwa ta kumatu, ta juyo kanta sama, ta fitar da yauƙi daga fatarta ya bushe ya zame mata riga, ta bar 'yar kafa daidai bakinta don shan iska. Domin huhu biyu gare ta, har ma in an danne ta a ƙasan ruwa an hana ta leƙowa, ruwa zai ci ta kamar yadda yake cin akuya. Mai haƙar ya ce kowa ya san gaiwa jikinta take ci. Aminina ya ce maganar mutanen da ba ta faɗi ƙasa banza ba, domin tsokarta take narkarwa kaɗan-kaɗan tana rayuwa da ita, bugun zuciya ya ragu, fitsari ya tsaya, har rani ya wuce, a ɗakin gwaji ma an ga wadda ta haura shekara uku a haka.

Muka zuba ruwan jarka a daro muka sa ta, muka koma inuwa muna jira. Can da rigar ta jiƙa ta saɓule, sai ta miƙe sannu a hankali, ta taso ta buɗe baki ta haɗiyi iska. Fiffikenta huɗu ne sirara kamar tsumagiya, biyu gaba biyu baya, daidai inda ƙafafu suke ga ƙadangare. Richard Owen na Ingila ne ya fara bayyana irin tamu a 1839 daga wadda aka kai masa daga Kogin Gambiya, ya kira ta annectens, wato mai haɗawa. A 2011 masu bincike a Jami'ar Shikago suka ɗauki hotonta tana takawa a ƙasan ruwa da fiffikenta na baya, wannan bayan wancan. A 2013 kuma awon ƙwayoyin gado ya nuna danginta sun fi silakant kusanci da dabbobin tudu. Sai dai aminina ya gargaɗe ni kada in wuce gona da iri: ƙasusuwan cikin fiffikenta jere ne guda kamar carbi, ba ɗaya da biyu ba, saboda haka ita ba kaka ba ce, jikar ƙanen kaka ce da ta kama tata hanya.

Ni kuwa, ganin busasshen tafki ga kuma kifi mai huhu, sai na zaci na warware mas'alar daren Laraba, na ce ai magana a fili take: tafki ya ƙafe, kifi ya ja ciki neman wani, wanda damtsensa ya fi ƙarfi shi ya tsira. Mai haƙar ya tuntsire da dariya, ya ce, "Haba Alhaji! Wa ya taɓa ganin kifi ya fito yawo a wannan rana? Gaiwa in ruwa ya ja, ƙasa take yi. Tarwaɗa ce mai yawo, ita ma sai da dare, ƙasa na jiƙe." Aminina ya ce kada in ji kunya, domin wannan ra'ayi nawa shi ne na Alfred Romer na Jami'ar Harvard, ya kuwa daɗe yana cin kasuwarsa a littattafai, har Jenny Clack ta Kambirij ta tafi Girinlan a 1987 ta kwaso Acanthostega, mai shekara miliyan 365. Da aka fere dutsen sai ga yatsu takwas a hannu guda, maƙwabcinsa Ichthyostega kuma bakwai a ƙafa, abin da ya nuna biyar ɗin nan da muke ɗauka asali, daga baya aka tsaya a kai. Amma tare da yatsun ga jan naman kumatu da kifi ke tace iska daga ruwa da shi, ga faffaɗar wutsiyar iyo, ga gajerun haƙarƙari, ga hannu da ba zai iya ɗaukar nauyin jiki a tudu ba. A 2020 kuma aka bayyana cikakken ƙwarangwal na Elpistostege daga Miguasha ɗin nan dai, aka ga ƙasusuwan yatsu a ɓoye cikin fiffike wanda ƙayoyinsa ke nan daram. Lissafin shekarun ma har yanzu ana gyara shi, tun da sawun ƙafafun da aka bayyana a 2010 daga Zachelmie ta ƙasar Folan ya kai kimanin shekara miliyan 390, wato ya girmi Tiktaalik.

Abin da hujjoji suka taru a kai, ke nan, shi ne a cikin ruwa aka ƙera hannu, a ruwa marar zurfi mai cike da ciyayi da rassa, inda ake bukatar a ture, a dafa, a ɗago kai a sha iska. Huhu ma a ruwa aka yi shi, wuya ma haka, yatsu ma haka, kowanne yana biyan bukatar ranarsa, alhali ana tanadinsa don wata rana da mai shi bai san da zuwanta ba. Da lokacin hawa tudu ya yi, sai aka tarar kaya duk a ɗaure suke. Magabatanmu da suka ce ba a fafe gora ranar tafiya, a zatonsu fatake suke yi wa nasiha, ashe sunna ce da ta gudana a cikin halitta tun kafin a yi fatake.

Na sayi gaiwar daga hannun mai haƙa, wanda ya riga ya yi mata niyyar miya, aminina ya ɗauki alkawarin ajiye ta a randa har fadama ta kawo ruwa. Azahar ta yi, abin da ya rage a jarka bai wuce cikin buta ba, muka raba shi uku. Na tsuguna a gindin gawo ina alwala, da na zo wanke hannu zuwa gwiwa, na juya shi don ruwa ya game, sai na ji ƙasusuwan nan biyu suna gitta juna a ƙarƙashin tafina, abin da na fi shekara hamsin ina yi dare da rana ban taɓa lura ba. Na ɗaga kai na dubi gabas, ko ƙyallin hadari babu. Gaiwa kuwa a cikin daro ta sake tasowa, ta haɗiyi iska, ta koma ƙasa abinta, ba ta gaggawa.